Kircin gado: abin da ke kawo shi da yadda ake kula da shi

Da iskar hunturu ta fara kaɗawa, daga ƙarshen Nuwamba har zuwa Fabrairu, akwai gidajen da barci ke ƙaurace musu. Jinjiri na goga kumatunsa a zanen goyo yana tsala kuka. Ɗan shekara biyar na susar bayan gwiwa har jini ya fito, uwa na zaune tsakar dare ta riƙe masa hannu. Gari na wayewa kowa da tasa shawara: wannan ta ce nono ne ya ɓaci, waccan ta ce ƙazanta ce, wani ya ce a aika kasuwa a sayo man tub. Sau da yawa abin da ke damun yaron shi ne ciwon da likitoci ke kira egzema atopik. Mu a nan za mu ce masa kircin gado, saboda yana bin dangi. Mun tattara muku abin da aka sani a kansa, don ku na gida da kuma ƴan uwa da ke waje masu aiko da kuɗin magani.

Mene ne kircin gado?

Ciwo ne na fata mai daɗewa, mai zuwa yana komawa. Fata ta bushe, ta yi kaushi, ta yi ƙaiƙayi mai tsanani. Ya lafa na ƴan makonni ko watanni, sannan ya sake tashi. Kalmar kirci a bakinmu tana ɗauke da cututtukan fata da dama, amma wannan na daban ne, kuma babbar alamarsa ita ce ƙaiƙayi. In babu ƙaiƙayi, to da wuya ya zama shi ne.

Yana cikin cututtukan fata da suka fi yawa a duniya. A ƙasashe da dama yana kama yara 15 zuwa 20 cikin 100, manya kuwa ba su kai haka ba. Wajen 6 cikin 10 na masu shi yana fara musu ne kafin su cika shekara ɗaya, kuma mafi yawa kafin shekara 5. Ba ya yaɗuwa. Ba a ɗaukarsa ta tabarma, ko ta ƙwarya, ko ta goyo, ko ta wasa tare. Yaro mai shi zai iya cin abinci da ƴan uwansa a kwano ɗaya, ya je makaranta, ya kwana cikinsu.

Me ke kawo shi?

Mu ɗauki misali da katangar laka. In yaɓenta na da kyau, ruwan sama ba ya shiga, gara ba ta samun hanya. In yaɓen ya tsattsage, kowane abu sai ya shige. Haka fatar mutum take: saman fata ƙwayoyi ne a jere kamar tubali, da wani irin maiƙo a tsakaninsu da ke riƙe ruwan jiki kar ya fita, yana kuma hana ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta shiga. Mai kircin gado an haife shi da yaɓe mai rauni. Ruwa na tsiyayewa daga fatarsa, shi ya sa take bushewa ko da yana shan ruwa sosai, kuma abin da ba ya damun wani shi sai ya shige shi.

Abu na biyu, garkuwar jikinsa mai saurin fushi ce. Ɗan abu kaɗan ya shiga, sai ta tashi kamar an kawo hari, wurin ya kumbura ya yi ƙaiƙayi. Yaro ya sosa, susar ta ƙara farfasa fatar, abubuwa su ƙara shiga, ƙaiƙayi ya ƙaru. Wannan zagayen na ƙaiƙayi da susa shi ne ke riƙe ciwon, kuma duk maganin da za mu ambata ƙoƙari ne na yanke shi.

Gado na da babban hannu a ciki. In uwa ko uba na da wannan kirci, ko fuka wadda ake ce wa asma, ko atishawa da ƙaiƙayin hanci da ido da ba sa ƙarewa, ɗansu ya fi kusa da samunsa. In duka biyun ne, abin ya fi ƙarfi. Waɗannan ukun ƴan gida ɗaya ne, shi ya sa wasu yaran da suka fara da kirci suna jarirai, daga baya sai fuka ta biyo baya. A shekarar 2006 masu bincike a jami'ar Dundee ta ƙasar Sikotilan sun gano cewa tawayar wani sinadarin fata mai suna filagirin na cikin manyan dalilai. Irin wannan tawayar an fi samun ta a Turawa da mutanen Asiya, ba ta da yawa a baƙar fata, amma raunin fatar da ciwon kansa muna da su, ta wasu hanyoyin.

To kun ji: ba rashin tsabta ba ne, ba laifin nonon uwa ba ne, ba kuma wani ne ya yi wa yaron baki ba.

Yadda yake bayyana

A littattafan Turawa ana cewa wurin yana yin ja. A fatarmu jan ba ya fitowa sosai. Wurin kan yi duhu fiye da sauran jiki, ko ya yi toka-toka, ko ya fito da ƙananan ƙuraje masu kaushi kamar fatar kazar da aka fige. Wannan ya sa wani lokaci ake raina tsananinsa.

Wurin da yake kamawa yana canzawa da shekaru. Jinjiri, daga wajen wata 2 ko 3, yana fito masa a kumatu, goshi, kai, da bayan hannuwa da ƙafafu. Wani lokaci wurin ya riƙa tsatsafo da ruwa yana yin ɓawo. Yawanci yana ƙyale wurin ƙunzugu. Yaro da ya tasa kuwa, ya fi kama lanƙwasar gwiwar hannu, bayan gwiwar ƙafa, wuya, wuyan hannu da idon sawu, ko da yake yaranmu sukan same shi har a kan gwiwar kanta. Babba yana samunsa a hannuwa, wuya, fuska da fatar ido. In an daɗe ana susa, fatar ta yi kauri ta yi baƙi, layukanta su fito raɗau.

Bayan ya lafa yakan bar tabo, wani mai duhu, wani mai haske. Wannan tabon yana komawa daidai da kansa, amma yakan ɗauki watanni. Ba ya buƙatar man bilicin.

Cututtukan da ake rikita shi da su

Ƙazuwa ita ce ta farko. Ita tana yaɗuwa: za ka ga mutum biyu ko uku a gida ɗaya suna susa, musamman da dare, da ƙuraje a tsakanin yatsu, wuyan hannu, ƙugu da al'aura, jinjiri kuma har tafin hannu da tafin ƙafa. Maganinta daban ne, kuma dukan gida ake yi wa rana ɗaya. Makero yana yin zagaye kamar zobe, a kai kuma yana cinye gashi. Ƙurajen zufa suna zuwa da zafi, suna tafiya in jiki ya sha iska.

Farin tabo a fuskar yaro yakan tayar da hankalin iyaye su yi tunanin kuturta. Ga bambancin: tabon kuturta yawanci ba ya ƙaiƙayi, kuma in an taɓa shi da auduga ko tsinke mutum ba ya ji sosai. In kuna shakka kar ku ɓoye, a je a duba. Maganin kuturta kyauta ne. Haka kuma yaron da fatarsa ke saɓulewa, ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, wannan tamowa ce, a kai shi gidan likita ba tare da jinkiri ba.

Muhimmancin bambancewa shi ne, man da ke kwantar da kircin gado yana ƙara wa ƙazuwa da makero ƙarfi. Saboda haka tun farko a bari ma'aikacin lafiya ya gani da idonsa.

Abubuwan da ke tayar da shi

A wajenmu hunturu ne babba: iska busasshiya, ƙura, ga wankan ruwa mai zafi. Bazara ma ba ta ƙyale shi ba, don zufa na ƙona fatar da ta tsage. Sai sabulu mai ƙarfi da mai ƙanshi, sabulun salo mai yawan toka, omo da bai fita daga tufafi ba, da dirzar jiki da soso ko dutse. Tufafin roba da rigar sanyi mai gashi in ta taɓa fata kai tsaye, turare da humra a jikin yaro, hayaƙin icce da na turaren wuta da na taba, duk suna iya tayar da shi. Akwai kuma wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani masu zama cikin katifa da bargo da darduma. Manya kuma, damuwa da rashin barci kan tayar musu da shi. Kowane mutum da nasa. Uwa mai lura ita ce ke fara gane abin da ɗanta ba ya so.

Magani na farko: mai, kullum

Tushen magani shi ne maye gurbin yaɓen da ya rasa. A shafa mai marar ƙanshi marar launi a dukan jiki, ba wurin ciwon kaɗai ba, aƙalla sau 2 a rana, a hunturu sau 3 ko 4. Farin basilin marar turare yana aiki ƙwarai, yana da araha, ana samunsa ko'ina. Man kaɗe tsantsa, wanda ba a haɗa shi da turare ko wani magani ba, shi ma yana da kyau. A fara gwadawa a ɗan wuri kwana 2, in bai yi zafi ko ƙaiƙayi ba sai a ci gaba. Man zaitun da muke girmamawa, bincike ya nuna yana iya ƙara raunana irin wannan fata, don haka kar a mai da shi man shafawar kullum. Man gyaɗa ma a bar shi ga miya, kar a shafa wa jinjiri a fatar da ta fashe.

Kar a yi rowar man. Yaro mai kirci a jiki da yawa zai iya cinye giram 250 ko fiye a mako. A ɗebo da cokali mai tsabta maimakon tsoma yatsa a kwalba, a shafa a hankali ana bin kwanciyar gashi, ba a murzawa. Kuma ko fata ta yi sumul kar a daina. Ranar da aka daina, ranar ce ciwon ke fara shirin dawowa. Abu ɗaya da za a kiyaye: tufafi da zanen da suka sha basilin suna saurin kama wuta, don haka a nisanta yaro daga murhu da wutar jin ɗumi.

Wanka sau ɗaya a rana ya isa, da ruwa mai ɗumi kaɗan, minti 5 zuwa 10, babu soso. Sabulu mai laushi marar ƙanshi, a hammata da matsematsi da ƙafa kawai. A tsane jiki da zane mai laushi ba tare da gogawa ba, a shafa mai nan take, tun jikin na da damshi. A sa tufafin auduga masu yalwa, a ɗauraye wanki sosai, a yanke farce duk mako, a shanya shimfiɗa a rana.

Magani na biyu: man kortikoyid

In ciwon ya tashi, mai kaɗai ba ya isa. Nan ne likita ke rubuta man kortikoyid, wanda ke kashe kumburi da ƙaiƙayi. Suna da daraja-daraja. Idrokortizon na kashi 1 cikin 100 mai sauƙi ne, shi ake ba jarirai, shi ake sawa a fuska. Betametazon mai ƙarfi ne, na jiki da fatar da ta yi kauri. Kulobetazol shi ne mafi ƙarfi, ba na ƙananan yara ba ne kuma ba na fuska ba.

Ana shafawa a wurin ciwon kaɗai, sau 1 ko 2 a rana, yawanci kwana 7 zuwa 14, ko yadda likita ya ce. Ga ma'aunin da likitoci ke amfani da shi: a matso man daga kan yatsan manuni na babba zuwa gaɓar farko, wannan ya kai kusan rabin giram, kuma ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu na babba. A bar ɗan lokaci, kamar rabin awa, tsakanin maganin da man shafawa. Wasu iyaye kan ji tsoron kortikoyid su shafa ɗan mitsitsi kwana biyu su bari, ciwon bai mutu ba. In an bi ƙa'ida, magani ne mai aminci da aka yi shekara fiye da 60 ana aiki da shi.

Maganin ƙaiƙayi na sha mai sa barci, irin su kulorfeniramin, ba ya warkar da kirci. Yana taimaka wa barci ne kawai na ƴan kwanaki, kuma ba a ba ƙaramin yaro sai da izinin likita. Ga wanda ciwon ya gagara, likitan fata na da wasu hanyoyin, kamar man takrolimus da magungunan sha masu rage fushin garkuwar jiki, waɗanda sai ana gwajin jini. A ƙasashen waje akwai allurar dupilumab da Amurka ta amince da ita a 2017, amma tsadarta ta fi ƙarfin mafi yawan mutane.

Kurakuran da suka fi cutarwa

Na ɗaya, man tub na kasuwa da na masu tallan magani a faranti. Yawancinsu kortikoyid ne mafi ƙarfi, irin wanda ake zubawa a man bilicin. Kwana uku ciwon ya kwanta, uwa ta ji daɗi, sai a ci gaba wata da watanni. Ƙarshenta fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, ƙuraje su feso, fuska ta yi dabbare-dabbare. A jinjiri maganin na shiga jini ya kumbura masa fuska ya tauye girmansa, kusa da ido kuma yana iya jawo hawan jinin ido. Garin gyaran gira an rasa ido kenan. Haka ƙwayar dekizametazon da ake sha don ƙiba: tana kwantar da kirci nan da nan, in an bari ya dawo fiye da da.

Na biyu, yaye yaro ko hana shi abinci. Gaskiya ne wasu ƴan yara masu kirci mai tsanani jikinsu ba ya karɓar madarar shanu, ƙwai ko gyaɗa. Alamar hakan ita ce borin jini, kumburin leɓe ko ido, amai ko sarƙewar numfashi jim kaɗan bayan cin abin. Irin wannan a kai likita. Amma mafi yawan yara ba abinci ke tayar musu ba, kuma a ƙasar da tamowa ke kashe yara, hana ƙwai da nono da kifi da ƙuli-ƙuli bisa zato ya fi kircin haɗari. Nono zalla har wata 6, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. Allurar rigakafi ma kar a fasa ta saboda kirci.

Na uku, shafa abu mai zafi a fatar da ta fashe: toka, kanwa, lemun tsami, tafarnuwa, baƙin man inji, ruwan batir, ko jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Duk abin da ke raɗaɗi a wannan fata ƙara tsaga ta yake yi.

Yaushe za a garzaya gidan likita?

Fatar da ta fashe ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. A tafi a ranar in wurin ya yi ɓawo rawaya kamar busasshiyar zuma, ko yana fitar da mugunya, ko ya kumbura yana zafi. Wannan na buƙatar antibiyotik. A tafi cikin gaggawa in ƙananan ƙuraje masu ruwa ko ƴan ramuka masu girma ɗaya sun feso da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, da zazzaɓi, musamman a fuska ko kusa da ido. Wannan ƙwayar cutar da ke fito wa mutum a leɓe bayan zazzaɓi ce ta shiga kircin, tana iya taɓa ido, tana iya kisa. Shi ya sa mai irin wannan ƙurjin a leɓe kar ya sumbaci jinjiri mai kirci. Haka in bayan gyambon fata fuskar yaro ta kumbura, fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, ko kirci ya rufe kusan dukan jiki, ko jinjiri ya daina ƙara nauyi.

A fara da gidan likita na CSI mafi kusa. Tun 2006 dokar Nijar ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati, ko da yake wani lokaci sai an sayi maganin a farmasi. In an yi mako 2 ana magani babu sauƙi, a nemi takardar turawa gaba. A Yamai akwai likitocin fata a babban asibitin ƙasa da kuma cibiyar ƙasa ta cutar fata da kuturta. A yankin Maraɗi asibitin Danja sananne ne wajen kuturta. A tafi da duk tub ɗin da aka shafa, ko da ya ƙare, don likita ya san abin da fatar ta riga ta sha.

Ga ƴan uwa na waje

Ku da ke Faransa, Beljiyam, Amurka, Aljeriya, Libiya ko Abijan, in za ku aiko da wani abu, ku aiko da babban gwangwanin man shafawa marar ƙanshi, ko kuɗin basilin da na mota zuwa asibiti. Kar ku aiko da ragowar tub ɗin da likita ya rubuta wa ɗanku, don ƙarfin da ya dace da gwiwar ɗan shekara goma bai dace da kumatun jinjiri ba. Hoto ta WhatsApp ma ba ya maye gurbin idon likita. Ku kanku masu zama ƙasashen sanyi, na'urar ɗumama ɗaki tana busar da fata kamar hunturunmu, don haka wannan ƙa'ida ta mai ta shafe ku.

Yana rabuwa da mutum?

Babu maganin da ke tumɓuke shi gaba ɗaya. Duk wanda ya ce muku yana da na kwana uku, kuɗinku yake so. Amma yara da yawa ciwon na raguwa ƙwarai ko ya ɓace yayin da suke girma, sai dai fatarsu ta kasance mai saurin bushewa, wasu kuma ya dawo musu a hannu in sun fara aikin wanki, gini ko rini. Kafin nan, yaron da ake shafa wa mai kullum, ake kwantar masa da ciwo da maganin da ya dace tun yana fara tashi, yana barci, yana karatu, yana wasa kamar kowa. Maigida da kaka da kishiya su kama wa uwa, don shafa mai sau uku a rana da tashin dare ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma ɗora mata laifi ba ya rage wa yaro ƙaiƙayi. Tun kafin iskar bana ta yi ƙarfi, a tanadi basilin ko man kaɗe a ɗaka. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.